Wa Ya Haƙa Rijiyar Kusugu? Labarin Wata Ziyara Zuwa Daura



Shugabannin ƙungiya sun ɗora mini nauyin in ba da labarin ziyarar da na kai Daura a hutun da ya wuce. Na so in zame, domin a cikin wannan zaure akwai Daurawa na ainihi, waɗanda suka sha ruwan garin tun suna goye, amma aka ce ai idon baƙo ake so. To, kafin in shiga magana, bari in fara tona asirin kaina. An haife ni a unguwar Daurawa, nan Kano, maƙwabciyar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Can na yi rarrafe, can na yi makarantar allo, daga can kuma nake hawo mota kullum in zo lacca. Ko yaro ya san abin da sunan yake nufi, watau mutanen Daura. Amma shekara 22 ina amsa wannan suna, ina rubuta shi a takardun makaranta, ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar Daura ba. A sakandare na haddace kogunan Turai, na zana taswirar Amurka da ka, na ci jarrabawa a kansu. Garin da ake kira tushen Hausa kuwa, wanda tafiyarsa ba ta kai rabin yini ba, sai dai in ji labari. Ina zaton ba ni kaɗai ne a wannan hali ba, sai dai ba zan ce a ɗaga hannu ba, kada a ji kunya.

Wani abokin karatuna, mutumin Daura, shi ya gaji da gorin da yake yi mini, ya ce in zo in sauka a gidansu. Na tashi da sassafe a cikin kaka, bayan an gama yankan gero. Hanya ta bi ta Dambatta, ta ratsa Kazaure, sa'an nan ta faɗa Daura. Jiha uku ke nan cikin 'yan sa'o'i kaɗan, Kano da Jigawa da Katsina. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya a mota ya ba mu dariya. Ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa yin ƙaura daga gidan mahaifinsa ba, amma an sake masa jiha har sau uku yana kwance a ɗakinsa: a 1967 aka ce shi ɗan Jihar Arewa ta Tsakiya ne, a 1976 aka ce Kaduna, a 1987 kuma aka ce Katsina. Ya ce abin da bai sake ba shi ne sarkinsa na Daura da gonarsa ta gero. Da muka wuce duwatsun Kazaure sai ƙasa ta fara yin sarari, rairayi ya yawaita, ga gawo da kuka da goriba jefi-jefi, ga dammunan gero a jibge a bakin gonaki. Ita Kazaure ma, ga masu sha'awar tarihi, masarauta ce ta bayan jihadi, wadda Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, daga yankunan da a da suke hannun Kano da Katsina da Daura.

Kowane baƙo da ya sauka Daura, abin da ya fara tambaya shi ne Kusugu, ni ma ban fita daban ba. Gaskiya zan faɗa muku, da na fara ganinta sai na ji gwiwata ta ɗan yi sanyi. Tun ina yaro na ɗauka wani ƙaton rami ne mai ban tsoro a tsakiyar daji. Ashe rijiya ce a tsakiyar gari, gidajen mutane sun kewaye ta, an yi mata gini an rufe, yara suna wucewa da tallarsu ba su ko waiwaya. Na leƙa, na ga ruwa can ƙasa, aka jawo mini na sha. Ruwa ne dai kamar kowane ruwa, mai sanyi. Mutanen garin sun ce ba a taɓa jin ta ƙafe ba. Na ɗauki hoto kamar yadda kowa yake yi, na fito. Duka-duka ban yi rabin sa'a a wurin ba. Da a ce daga nan na juya tasha, da ba ni da abin da zan tsaya in faɗa muku yau.

Kun san labarin, amma ku yi mini haƙuri in maimaita shi a taƙaice, domin a kansa maganata za ta tsaya. An ce Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne, ya baro gida ya zo Borno, Mai ya aura masa 'yarsa. Da zama ya ɓaci sai ya gudo yamma da matar, ya bar ta a Biram ta Gabas, wajen Haɗeja, inda ta haifi ɗa. Ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa makami. Da dare ya isa Daura, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, domin macijiyar da ke cikin rijiya ba ta barin a ɗiba sai ranar Jumma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya zura, macijiya ta taso, ya sare kanta. Gari ya waye, Sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki, masu ƙarya suka yi ta zuwa, shi kuwa ya fito da kan. Ta aure shi, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in an haɗa da Biram ga Hausa Bakwai.

A daren nan, ina kwance a zauren gidan abokina, sai na shiga juya labarin a raina kamar yadda malamanmu suka koya mana juya tambayar jarrabawa. Tambayar da ta fara zo mini ita ce, wa ya haƙa rijiyar? Bayajida dai a haƙe ya tarar da ita. Wani ya san inda ruwa yake a ƙarƙashin wannan rairayi, ya shiga da dagi da kwando, ya yi kwanaki yana fid da ƙasa, ya kuma san dabarar da zai yi kada ta rufta masa. Gugan da Ayana ta miƙa wa baƙo, wani baduku ne ya ɗinka shi, bayan wani majemi ya jeme fatar. Igiyar, wani ya tuƙa ta. Makamin da ya sare macijiya, labarin da kansa ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera, kuma ba a yin maƙeri sai an sami wanda ya san tama, ya san narka ta. Tsohuwa tana da gida, tana da al'adar saukar baƙon dare. Gari yana da sarauniya da fada, kuma Daurama ba ita ce ta fari ba, domin jerin sarakunan Daura ya fara ne da mata tun daga Kufuru, can a Tsohon Birni. Ashe baƙon nan gari ya tarar cikakke, da sana'o'insa da mulkinsa da harshensa. Abu guda ya yi, ya yi shi kuwa da jarunta, ba mai ƙwace masa wannan. Amma shi muka riƙe sunansa, har muna sa wa makarantu da tituna. Mai haƙar rijiya da baduku da maƙeri, ko sunan ɗaya daga cikinsu ba mu adana ba.

Da na dawo na shiga laburare, sai na tarar ashe masana sun daɗe da riga ni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na wajen 1812, ya kawo labarin Bawo ta wata fuska dabam, inda ya danganta shi da Borno. Wani Bature, W. K. R. Hallam, ya yi rubutu a 1966 yana ƙoƙarin haɗa Bayajida da Abu Yazid, wani mutumin Afirka ta Arewa daga ƙabilar Barbar, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye aka kashe shi a shekara ta 947. Farfesa Abdullahi Smith kuwa, a wata maƙala ta 1970, ya nuna cewa Hausawa da harshensu da garuruwansu sun girmi zuwan kowane baƙo, kuma abin da labarin zai iya nunawa bai wuce sauyin gidan sarauta ba. Ko Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce tun kafin Bagauda ya zo akwai mutanen Dala da shugabansu Barbushe. Ban kawo wannan don in ƙaryata kakanninmu ba. Labarin Bayajida yana da aikinsa: shi ya sa Bakano da Bagobiri da Bazazzagi suke ganin kansu 'ya'yan gida ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, yadda muka karanta labarin haka muke kai ziyara. Mu je mu gai da rijiya, mu leƙa ƙofar fada, mu wuce jikokin mai haƙar rijiya a bakin hanya ko sallama babu.

Ita fadar, wadda ake kira Kangiwa, ta cancanci a gan ta. Daura tana da wani abu da ba kowace masarauta ke da shi ba. A 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure. Bayan kusan shekara 100, a 1904, Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi gadon Daura, gidan sarautar Haɓe ya koma mazauninsa. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 har 1966, shekara 55 ke nan, Sarki Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sa'an nan aka naɗa Alhaji Faruk Umar Faruk. Sarautar Magajiya kuma ba ta ɓace ba, tana tuna wa mutane zamanin da mata suke riƙe da gari. Ban dace da Sallar Gani ba, wadda Daura ta yi suna a kanta, ana yin ta a watan Mauludi da hawan dawaki. An ce mini wanda bai ga Gani ba bai ga Daura ba, na kuwa yarda.

Kashegari da hantsi abokina ya ja ni cikin lunguna wajen kasuwa, muka yi sallama a wani zaure. Wani tsoho ne zaune a kan buzu, fatu ja da baƙi da rawaya a gabansa, basilla a hannu, tabarau ɗaure da zare.

Na ce, "Sannunku da aiki, Baba."

Ya ce, "Yauwa, sannu samari. Daga ina?"

Na ce daga Kano, unguwar Daurawa. Ya yi dariya ya ce, "Ashe gida ka dawo. Ka kuwa daɗe a hanya."

A jikin bango na hangi wata gafaka ja, an yi mata ado da baƙi da kore, irin wadda kakana yake sa Alƙur'aninsa a ciki. Na tambayi kuɗinta, ya ce naira 12,000. Ni kuma da halin Kanawa, wanda ya saba da cinikin Kasuwar Kurmi, ban ko numfasa ba na ce na saya 5,000. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Albarka." Sa'an nan ya ajiye basilla ya ce, "Zauna, ɗana, in nuna maka abin da ka taya."

Jama'a, a duk laccocin da na halarta a wannan jami'a, kaɗan ne suka shige ni kamar wadda na ji a zauren nan. Ya ɗauko fatar akuya ya ce kafin ta zo hannunsa sai da majemi ya jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa da aka daka, tana kwana ana juyawa, ya shanya, ya shafe ta da mai, ya yi ta murza har ta yi laushi. Jan launin nan daga karan dafi yake, wata irin dawa da ake shukawa don rini kawai. Baƙin kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, kun ga ke nan baduku ma bai rabu da maƙeri ba. Sa'an nan a zo yanka da fiƙe bakin fata da ɗinki, huda ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gafakar nan kwana huɗu ta ci masa, ban da kuɗin fata. Ya bar ni in yi lissafi da kaina. Na yi, kuma kunya ta kama ni, domin a safiyar nan na sayi katin waya ban taya ba, na sha lemon kwalba ban taya ba. Sai da na zo gaban mutumin da ya yi abu da hannunsa na tuna ni gwanin ciniki ne.

Na tambaye shi masu taya shi aiki. Ya ce 'ya'yansa maza biyu ne suka tasa. Ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana Kano yana sayar da rigunan waya na roba da ake kawowa daga Sin. Ya ce, "Ba na ganin laifinsu. Basilla ba ta yi wa yaro aure yanzu." Aiki yakan zo masa ne gab da Salla da Gani, sa'ad da masu dawaki suke neman gyaran kayan hawa, da kube da ragama da layu. In hawa ya wuce sai zaman jira. Ya ce shi ne na biyar a gidansu da ya riƙe wannan sana'a, iyakar waɗanda aka ba shi labari. Bai ce shi ne na ƙarshe ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin takaici, fatar nan ba ta rasa masu so ba a duniya. Tun zamanin fatake ake ɗaukar jar fatar akuyar ƙasar Hausa a raƙuma, a ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Afirka ta Arewa, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Kun ji, sunan wani kuma ya hau kan aikin wani. Yau ma masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa a nan Kano suna jeme fatu a fita da su Italiya da Sifaniya, a can a yanka a ɗinka, su dawo mana a matsayin takalmi da jaka masu tsadar da ba ma ko iya tayawa. Ni dai na biya Baba naira 10,000, domin abin da ya rage a aljihuna kuɗin mota ne. Ya karɓa, ya sa mini albarka.

Game da abinci ba zan daɗe ba, kada yunwa ta watsa taron. Mahaifiyar abokina ta yi mana dambu da zogale, da dare kuma tuwon gero miyar kuka. Amma fura ita ce ta tsaya mini a rai. Mu a Kano mun saba da furar shago, wadda inji yake markaɗawa a zuba a robar da aka rufe. Inna kuwa tun da asuba na ji sakin taɓarya. Ta surfa gero, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta cura, ta jefa cikin tafasasshen ruwa, ta tsame ta mayar turmi ta kirɓa har ta yi danƙo, ta sake curawa ta barbaɗe da gari. Da rana Bafillatana ta kawo nono, aka dama a ƙwarya da ludayi, aka rufe da faifai. Na ce, "Inna, wannan fura ai sai a kai ta gasa." Ta ce, "Kai dai sha, ɗan nan. Gero ne na bana." Ku dubi abin da ke cikin wannan shan fura guda: manomi, da mai sassaƙa turmi, da mai gyaran ƙwarya, da mai ɗinkin faifai da kaba, da makiyayi. Ƙannen abokina mata su uku suna makaranta, abin farin ciki ne, amma babu wadda ta iya kirɓi a cikinsu, kuma da na tambaya dariya suka yi mini.

Yanzu ku ba ni dama in ɗauke ku zuwa nesa kaɗan, domin akwai wani gari da na karanta labarinsa wanda ya yi kama da namu ta wata fuska. A ƙasar Meksiko akwai yankin Yukatan, mazaunin mutanen Maya, waɗanda suka gina birane na dutse, suka ƙirƙiro rubutunsu da lissafin kwanakinsu tun kafin Turawa su san da wannan nahiya. Arewacin yankin ba shi da koguna a sarari, ruwansa yana ƙarƙashin dutse, sai inda ƙasa ta rufta ta buɗe wata irin rijiya ta Allah da suke kira senote. A bakin irin waɗannan rijiyoyi suka kafa garuruwansu. Sunan shahararren birninsu ma, Chichen Itza, ma'anarsa bakin rijiyar mutanen Itza. Kusa da shi, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, akwai wani ƙaramin gari mai suna Valladolid, wanda Turawan Sifaniya suka gina a 1545 a kan wani tsohon garin Maya da ake kira Zaki, kuma har yau rijiyar tana nan a tsakiyar gari kamar Kusugu. Su ma an yi musu ɓarna: a 1562 wani limamin Kirista, Diego de Landa, ya tara littattafan Maya ya ƙone a garin Mani. Duk da haka mutanen ba su ƙare ba, dubban ɗaruruwa suna magana da harshensu, matansu suna sa farar riga mai surfani a wuya da suke kira huipil, suna yin wainar masara da hannu kamar yadda kakanninsu suka yi.

Hukumar UNESCO ta sa Chichen Itza cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, kuma akan sami shekarar da baƙi fiye da miliyan 2 suke zuwa kallonsa. Gwamnatin Meksiko ta fito da wani shiri a 2001 na ɗaukaka ƙananan garuruwa masu tarihi, ta sa Valladolid a ciki a 2012. Dabarar ita ce a sa baƙo ya kwana a garin, ya ci abincin garin, ya sayi aikin hannun garin, maimakon ya leƙa kango ya koma babban otal. Wannan abin koyi ne. Amma akwai abin tsoro a ciki, wanda marubuta da yawa suka yi kuka a kansa: baƙo yakan biya kuɗi mai yawa ya kalli duwatsun Mayan da suka mutu, ya fito ya tsaya yana taya rigar Mayan da ke raye da rabin kuɗinta. Da na karanta wannan sai na ga kaina a zauren Baba. Ni kam ba na fatan ranar da za a mai da Daura wurin da ake sa wa mutane kayan gargajiya su tsaya a yi musu hoto a ba su sadaka. Wanda ya iya sana'a ciniki yake bukata.

Me ya sa nake ganin maganar ta gaggawa ce? Domin Daura tana sakewa da sauri. Da yawa daga cikin 'yan Nijeriya ba su san sunanta ba sai ta dalilin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a can a 1942, aka kuma binne shi a can a watan Yuli na 2025. A 'yan shekarun nan an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a garin. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ga iyakar Nijar a Kongwalam nan kusa, ga babbar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, ko da yake rufe iyaka da aka yi a 2019 da kuma 2023 ya nuna yadda abincin mutanen yankin yake rataye da wannan layi da Ingila da Faransa suka shata. Baƙi za su ƙaru, wannan babu shakka. Tambayar ita ce, in sun zo, wa za su tarar a zaure? Rijiya ba ta zuwa ko'ina, an yi mata gini, tana da masu kula. Baba kuwa ya haura shekara 70, idonsa ya fara raunana. A 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, muka yi ta murna. Amma doki ba ya hawa fage tsirara. Duk kwalliyar da ake kallo a ranar hawa, daga zauruka irin wannan take fitowa.

A nan nake so in juyo gare ku, yayyenmu ma'aikata. Ku ne kuke rubuta takardar sayen kaya in za a yi taron ƙara wa juna sani, ku ne kuke zaɓen kyautar da za a ba babban baƙo ko wanda ya yi ritaya. Sau nawa muka ga an raba jakunkunan roba ɗari biyu ko uku a taro, waɗanda hannunsu yake tsinkewa kafin a kai gida? Odar taro guda irin wannan, in aka kai ta lungun dukawa da wuri, aka ba da kuɗin fata tun farko, aka kuma biya sauran ba tare da an sa tsoho ya yi ta zarya a ofis ba, za ta iya dawo da yaro daga kan babur ya zauna kusa da mahaifinsa. Na san akwai ƙa'idojin kwangila, na san kuma ba ƙaramin ma'aikaci ne yake sa hannu na ƙarshe ba. Amma shi yake kawo shawara a fayil, kuma in Allah ya yi muku tsawon rai ku ne manyan sakatarorin gobe.

Mu ɗalibai ba mu da oda, amma muna da kundin digiri da ake tilasta mana rubutawa, muna kuma da waya a aljihu mai ɗaukar murya da hoto. A zauren Baba na ji sunayen kayan aiki da na ɗinki waɗanda ban taɓa ji ba, na dawo na duba ƙamus ban sami wasu ba. Kowace shekara muna maimaita batutuwan da aka riga aka tatse, alhali ga ilmi nan a bakin tsofaffi, babu mai rubutawa. In mun je, mu rubuta sunan mutumin da sunan wanda ya koya masa, da izininsa, kada mu rubuta "wani baduku" kamar yadda aka yi wa mai haƙar Kusugu.

Na yi magana da shugabannin ƙungiya, sun yarda a shirya tafiya Daura a watan Mauludi mai zuwa don mu dace da Gani. Sakatare zai buɗe rajista bayan an tashi daga nan. Shawarata ita ce mu kwana biyu, rana ɗaya ta hawa da rijiya da fada, rana ɗaya ta lunguna. Kowa ya riƙo kuɗin tsaraba gwargwadon ƙarfinsa, Kanawan cikinmu kuma a ja musu kunne game da tayi. Ni zan yi muku jagora zuwa zauren Baba, domin dama akwai naira 2,000 tasa a wurina. Ga gafakar nan na zo da ita, za a zagaya da ita ku gani, don Allah a riƙe ta da hannu biyu.